MacGregor: tambayoyi da amsoshi kan sunan da doka ta taɓa haramtawa a Sikotilan

Masu kallon ƙwallo sun san Callum McGregor kyaftin ɗin Celtic, masu kallon fim sun san Ewan McGregor. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne an yi zamanin da amsa wannan suna kaɗai ya isa a rataye mutum a Sikotilan. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan asalinsa da abin da ya same shi.

Mene ne ma'anar MacGregor?

Sunan ya fito daga Gelik, harshen mutanen ƙasar tsaunukan arewa da yammacin Sikotilan. A harshen ana rubuta shi MacGriogair. Mac na nufin ɗa, Griogair kuwa sunan mutum ne, wato dai ɗan Gregor, kamar yadda muke cewa ɗan Fodiyo. Mace kuma ana ce mata NicGriogair, 'yar zuri'ar Gregor. Shi sunan Gregor ya shigo ƙasar ne ta hanyar coci, daga Gregorius na Latin, wanda shi ma daga harshen Girka ya samo shi da ma'anar mai lura, wanda ba ya gafala.

Akwai bambanci tsakanin MacGregor da McGregor?

Babu. Mc gajartawar Mac ce kawai, kuma a tsofaffin takardu har M'Gregor ana gani. Magatakardan coci da na kotu suna rubuta suna yadda ya zo musu, har ka tarar an rubuta sunan mutum ɗaya iri biyu a takarda ɗaya. Zancen da ake yi cewa Mac na Sikotilan ne, Mc kuma na Ailan, ba shi da tushe.

Wane ne Gregor ɗin? Da gaske ne jinin sarauta gare su?

Kirarin zuri'ar a harshen Gelik shi ne 'S rioghal mo dhream, wato zuri'ata ta sarauta ce. Labarin da suka gada ya ce kakansu Griogair ɗan sarki Alpin ne, ɗan'uwan Kenneth MacAlpin da ya rasu a 858, wanda ake lissafawa a matsayin sarkin farko na Sikotilan. Masana tarihi ba su yarda da wannan salsala ba, domin babu wata takardar wancan zamani da ta ambaci irin wannan ɗa. Gregor ɗin da ake iya kamawa da hujja ya rayu ne a ƙarni na 14, ana masa laƙabi da mai linzaman zinariya. Ɗansa Iain Cam, wato Iain mai ido ɗaya, ya rasu a 1390, kuma daga kansa ne jerin shugabannin gidan ya zauna daram.

Ban ga wannan ya rage musu komai ba. Kusan kowane babban gida a yankin yana da salsalar da ke kai shi ga wani sarki, kuma aikin irin wannan salsala shi ne ta ce ƙasar nan tamu ce tun fil azal. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa da suna sun fi kowa buƙatar wannan magana.

Ina ne ƙasarsu ta asali?

Kwaruruka uku ne a gundumar Argyll, kusa da tafkin Awe: Glen Orchy da Glen Strae da Glen Lochy. Daga nan suka bazu gabas zuwa Glen Lyon da Rannoch da Balquhidder da gefen tafkin Katrine. Ƙasa ce mai tsaunuka da sanyi da ƙarancin gona, dukiyar mutum ita ce shanunsa.

Ba mayaƙa kaɗai gidan ya haifa ba. James MacGregor, wani malamin coci da ya zauna a Fortingall ya rasu a 1551, shi da ɗan'uwansa Duncan suka tattara kundin waƙoƙin Gelik da har yau masana harshen ke dogara da shi wajen sanin adabin wancan zamani.

Me ya haɗa su faɗa da gidan Campbell?

Ƙasa ce, da kuma takarda. MacGregor suna zaune a kwarurukansu bisa gado da ƙarfin takobi, ba su da takardar mallaka daga sarki. Campbell kuwa sun goyi bayan sarki Robert Bruce a yaƙinsa da Ingila, aka saka musu da takardun mallakar ƙasar tafkin Awe. Zuwa 1432 wani reshen Campbell ya karɓi Glen Orchy, daga baya suka gina ganuwar Kilchurn a bakin tafkin. A idon doka, MacGregor sun zama 'yan haya a ƙasar kakanninsu.

Ana yawan ba da labarin kamar gaba ce tun daga ranar farko, amma ba haka abin yake ba. Fiye da shekara ɗari gidajen biyu suna tafiya tare: Campbell suna faɗaɗa mulki zuwa gabas, MacGregor suna yi musu aikin yaƙi suna samun wurin zama, ana auratayya tsakani. Zumuncin ya lalace ne a tsakiyar ƙarni na 16, zamanin Colin Campbell na Glen Orchy, wanda ya ƙi amincewa da matashin shugaban MacGregor, Griogair Ruadh, a kan Glen Strae sai bisa sharuɗɗan da shi ya ga wulaƙanci ne. Aka yi shekaru ana kai wa juna hari ana ƙone gidaje ana kore shanu. A 1570 aka kama Griogair aka fille masa kai a gaban Colin. Matarsa Marion 'yar gidan Campbell ce, kuma waƙar makokin da ta yi masa har yau ana rera ta a Gelik, ana lallashin yara da ita. Duk wanda ya ji cewa mace ta tsaya tana kallo danginta suka kashe uban ɗanta, ya san irin zurfin da wannan rikici ya yi.

Daga nan abin ya zama zagaye. Wanda aka kora daga gona sai ya koma satar shanu, satar shanu kuma ta ba maƙiyansa hujjar neman izinin sarki su farauce shi. A 1589 wasu 'yan gidan suka kashe John Drummond, mai gadin dajin sarki a Glen Artney, abin da ya ƙara baƙanta sunansu a fada.

Me ya faru a Glen Fruin?

A ranar 7 ga Fabrairu 1603, Alasdair MacGregor na Glen Strae ya gwabza da mutanen Colquhoun na Luss a kwarin Glen Fruin, yamma da tafkin Lomond. Colquhoun yana riƙe da izinin sarki na ɗaukar makami a kan MacGregor, kuma yana da mahaya. Alasdair ya raba mutanensa biyu ya sa mutanen Colquhoun a tsakiya, dawakai suka maƙale a fadama. An kashe mutanen Colquhoun kimanin 140 ko fiye, aka kore ɗaruruwan shanu da tumaki da dawakai.

Lokacin ya zo musu da muni. Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta rasu ranar 24 ga Maris, sarki James na shida na Sikotilan ya gaji kujerarta, kuma ba ya son ya isa Landan ana cewa ya kasa riƙe talakawansa. Ranar 3 ga Afrilu 1603, kwana biyu kafin ya kama hanya, majalisar mashawartansa ta zartar cewa an soke sunan MacGregor.

Shi Alasdair ya miƙa kansa ga basaraken Argyll, shugaban gidan Campbell, bisa alkawarin za a kai shi Ingila ya kai kukansa ga sarki. Aka tsallaka da shi iyaka a Berwick don a ce an cika alkawari, nan take aka juyo da shi Edinburgh. A watan Janairu 1604 aka rataye shi a tsakiyar kasuwa tare da wasu manyan danginsa, aka ɗaga igiyarsa sama da ta sauran saboda shi ne shugaba. Yaudara ce tsagwaronta, ko da wace irin hujja aka kawo.

Ta yaya ake haramta suna a aikace?

Dokar ta ce duk mai sunan ya ajiye shi ya ɗauki wani, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, wanda ya ƙi hukuncinsa kisa. Dalilin da majalisar ta bayar shi ne wai sunan kansa ne ke sa su jin ƙarfi da girman kai su aikata ɓarna. Ma'ana hukuma ta gane cewa abin da ya ɗaure mutanen nan wuri ɗaya ba ganuwa ba ce, ba kuma takardar ƙasa ba, tunda ba su da ita. Suna ne, don haka shi aka nufa.

Wasu dokokin suka biyo baya. An sa ladan kuɗi a kan kawunansu, an kuma yi wa mai laifi alkawarin afuwa idan ya kawo kan wani MacGregor, har da ɗan gidan da zai kawo kan ɗan'uwansa. A 1611 aka ba da umarnin yi wa matansu tambari a fuska da maɓalli mai zafi. An raba yara da iyayensu an kai su wasu gidaje. An hana mazansu riƙe makami sai wuƙar cin abinci marar tsini, an hana fiye da mutum huɗu cikinsu haɗuwa wuri ɗaya. Majalisar dokoki ta tabbatar da haramcin a 1617. A 1633, zamanin Charles na ɗaya, aka ƙara cewa limamin coci ba zai yi wa yaro baftisma da sunan Gregor ba, magatakarda kuma ba zai rubuta yarjejeniya da sunan ba. Wanda ba zai iya sa hannu da sunansa ba, ba zai sayi ƙasa ba, ba zai kai ƙara ba, ba zai bi bashinsa a kotu ba.

Gaskiya ne 'yan gidan sun zubar da jini, kuma iyalan waɗanda aka kashe a Glen Fruin suna da haƙƙi. Amma dokar ba ta tsaya kan waɗanda suka yi kisan ba. Ta haɗa da jariri da tsohuwa da wanda yake wata gunduma ranar da aka yi yaƙin. Wasu gidajen ma sun yi irin wannan ɓarna ba a soke sunansu ba, saboda suna da ƙasa da takarda da na tsaya musu a fada. Waɗanda suka gudu cikin tsaunuka a wannan zamani ne aka yi wa laƙabi da 'ya'yan hazo.

Waɗanne sunaye suka ɗauka?

Galibi sunan maƙwabta ko na wajen uwa ko na basaraken da suka fake a ƙasarsa: Murray, Drummond, Graham, Grant, Stewart, har da Campbell. Wasu suka ɗan sauya sunan yadda mai hankali zai gane, kamar Gregory da Greig da Gregorson. Wasu suka koma sunan launi ko laƙabi irin su White da Black da King. Gidan Gregory na Aberdeen, wanda ya haifi James Gregory masanin lissafi da ya zana wani samfurin madubin hangen taurari a ƙarni na 17, ana lissafa shi cikin zuri'ar. Haka ma sunan Greig, wanda wani Alexander Greig ya tafi da shi Bergen ta ƙasar Nowe wajen 1770, ya koma Grieg, kuma tattaɓa kunnensa shi ne mawaƙin nan Edvard Grieg.

A gida da tsakanin dangi kowa ya san ko shi wane ne. Sunan aro na kotu ne da coci da kasuwa.

Yaushe aka ɗage haramcin?

Sau biyu. Duk da abin da gidan sarautar Stewart, wato gidan su sarki James da Charles, ya yi musu, MacGregor sun yi wa Charles na ɗaya yaƙi ƙarƙashin basaraken Montrose na wancan lokaci a 1645, don haka ɗansa Charles na biyu ya soke dokar a 1661. Da aka tumɓuke gidan Stewart suka ci gaba da goyon bayansa, sai gwamnatin sarki William ta maido da haramcin a 1693. Bai tashi gaba ɗaya ba sai 1774. Idan aka haɗa zangon biyu, sunan ya yi kusan shekara 140 a haramce.

Rob Roy gwarzo ne ko ɓarawon shanu?

Ya taɓa kowanne. An haifi Robert MacGregor a Glengyle a 1671, laƙabin Roy daga jan gashinsa ne. Da haramcin ya dawo sai ya riƙa sa hannu da Campbell, sunan gidan mahaifiyarsa. Dillalin shanu ne mai suna, yana sayo su a tsaunuka yana kai wa kasuwannin kudu. Yana kuma karɓar kuɗin kariya daga manoma: ka biya a tsare maka garke, ka ƙi biya garken ya ɓace. Wannan ba abin yabo ba ne, ko da yake a zamaninsa ba shi kaɗai ke yi ba.

Rayuwarsa ta juya a 1712. Ya karɓi fam 1,000 daga basaraken Montrose don sayen shanu, kuɗin suka salwanta, ana cewa babban makiyayinsa ne ya gudu da su. Montrose ya sa aka ayyana shi ɗan tawaye, aka ƙwace ƙasarsa, aka kori iyalinsa daga gida. Daga nan ya yi shekaru yana kore shanun Montrose yana tare masu karɓar masa haya, an kama shi ya tsere fiye da sau ɗaya. Ya shiga tawayen magoya bayan gidan Stewart na 1715 da yaƙin Glen Shiel na 1719, ya miƙa wuya ga Janar Wade, kwamandan sojojin gwamnati a yankin, a 1725, ya rasu a kan gadonsa a Balquhidder a ƙarshen Disamba 1734. Littafin da Walter Scott ya buga a kansa a 1817 shi ya mai da shi gwarzon da duniya ta sani. Rubutun da ke kan kabarinsa, mai cewa MacGregor ko sun ƙi, daga baya aka ƙara shi.

Zuri'ar tana da shugaba a yau?

Tana da shi. Bayan an ɗage dokar, ɗaruruwan 'yan gidan suka sa hannu suka amince da John Murray na Lanrick a matsayin shugaba, wanda shi kansa Murray sunan aro ne gidansu ya ɗauka. Ɗansa Evan ya jagoranci mutanen MacGregor a bikin ziyarar sarki George na huɗu a Edinburgh a 1822, har aka ba su rakiyar kayan sarautar Sikotilan, a garin da aka rataye Alasdair. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar zuri'ar. Shugaba na yanzu shi ne Sir Malcolm MacGregor. Sarauta ce ta girmamawa, ba ta da kotu ba ta da haraji.

Kowane mai sunan zai iya sa zanen gidan da tambarinsa?

Zanen, wanda aka fi sani ja ne da kore da siririn fari, kowa na iya ɗaurawa. Sai dai a sani cewa al'adar ware wa kowace zuri'a nata zane ta kafu ne a farkon ƙarni na 19, ba tun zamanin Alasdair ba. Tambarin garkuwa mai itace da takobi da kambi kuwa na shugaba ne shi kaɗai. A Sikotilan tambari mallakar mutum ɗaya ce, kuma akwai kotun Lord Lyon da ke kula da wannan. Abin da ɗan zuri'a ke maƙalawa shi ne kan zaki mai kambi a cikin zagayen ɗamara da kirarin gidan. Masu sayar da takardar tambarin iyali a intanet kasuwancinsu suke yi.

Duk mai sunan MacGregor jini ɗaya ne?

A'a. Tun asali zuri'a a ƙasar tsaunuka ta ƙunshi dangin shugaba da kuma mabiya da suka ɗauki sunansa don neman kariya. Sannan akwai waɗanda kakansu wani Gregor ne daban. A ƙasashen Karibiyan kuma, sunayen Sikotilan da yawa sun shiga gidajen baƙar fata ta hanyar masu gandun bauta da wakilansu. A gefe guda akwai ainihin jikokin gidan da ba su taɓa komawa sunan ba, suna nan suna amsa Murray ko Drummond. Wasu kuma suka haɗa biyun, kamar James Drummond MacGregor, malamin cocin da ya isa Pictou ta Kanada a 1786 yana wa'azi da Gelik, ya kuma yi fice wajen adawa da bauta.

Wane ne MacGregor ɗin da ya ƙirƙiri ƙasar ƙarya?

Gregor MacGregor, soja ne da ya yi yaƙin neman 'yancin Benezuwela a ɓangaren Simón Bolívar. Ya dawo Birtaniya yana cewa shi ne sarkin wata ƙasa mai suna Poyais a gaɓar Amurka ta Tsakiya, mai birni da banki da ƙasar noma. A 1822 ya ciyo bashin fam 200,000 a Landan da sunanta, ya sayar da filaye, ya buga mata takardun kuɗi. Mutane kimanin 250, yawancinsu 'yan Sikotilan, suka shiga jirgi suka tarar da daji, fiye da rabinsu suka mutu. Bai taɓa ɗanɗana hukuncin da ya dace da shi ba, ya rasu a Karakas a 1845. Sunan ya dawo da daraja a idon jama'a a wannan lokaci, shi kuma ya yi amfani da darajar ya cuci talakawan ƙasarsa.

Sunan yana da alaƙa da Najeriya?

Ta hanyar mutum biyu. Sir William MacGregor, likita ɗan Aberdeenshire, ya yi gwamnan Legas daga 1899 zuwa 1904. Ya mai da hankali kan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta hanyar cike fadamu da raba kwinin, ya kuma ƙi ra'ayin ware unguwar Turawa daga ta 'yan ƙasa a matsayin magani. Magudanar ruwan da aka haƙa tsakanin tsibirin Legas da Ikoyi sunansa aka sa mata.

Na biyun shi ne Macgregor Laird, ɗan kasuwa haifaffen Greenock, wanda Macgregor sunansa ne na yanka bisa al'adar sa wa yaro sunan gidan uwarsa. A 1832 ya shigo kogin Kwara tare da Richard Lander da jiragen tururi biyu, Quorra da Alburkah, kuma cikin Turawa 48 da suka taso tara kawai suka tsira, galibin sauran zazzaɓi ne ya kashe su. Shi ya ɗauki nauyin jirgin Pleiad da William Baikie ya hau Binuwai da shi a 1854, tafiyar da aka riƙa shan kwinin ba a rasa Bature ko ɗaya ba. Baikie ɗin ne ya zauna a Lokoja daga baya, ya yi aiki a kan harshen Hausa.

Mai son bin salsalarsa daga ina zai fara?

Daga kansa, yana komawa baya mataki-mataki, ba daga Rob Roy yana gangarowa ba. Hukumar adana takardun Sikotilan tana da shafin ScotlandsPeople, inda ake samun rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati daga 1855, da ƙidayar jama'a daga 1841, da littattafan coci da mafi tsufansu ya kai 1553, ko da yake na ƙasar tsaunuka galibi sun fara a makare kuma suna da giɓi. A gwada kowane irin rubutun sunan. Idan aka koma shekarun kafin 1774, a nemi wuraren da magatakarda ya rubuta suna biyu ga mutum ɗaya, kamar Drummond wanda ake kira MacGregor, domin irin wannan layi ne ke haɗa sunan aro da na asali. Takardun haya na manyan gidaje irin su Breadalbane da Montrose da Atholl su ma suna ɗauke da sunayen 'yan hayar da ba su shiga littafin coci ba.